Uwar Kuɗi da Riba: Tarihin Ƙayyade Farashin Lantarki da Gas a Amurka



Abin da zan yi magana a kansa a wannan lacca shi ne tarihin wata tambaya wadda kotuna da majalisun ƙasar Amurka suka shafe fiye da shekara ɗari suna jujjuya ta, watau idan kamfani guda ne kaɗai ke sayar da wutar lantarki ko iskar gas a gari, wa zai yanke farashi, kuma da wane ma'auni? A kasuwar hatsi ko ta tufafi mai saye yana da mafita, domin in ya taya aka ce masa albarka sai ya matsa rumfa ta gaba. Mai sayen lantarki ba shi da rumfa ta gaba. Waya ɗaya ce ta shigo gidansa, bututu ɗaya ne ya bi ta unguwarsu, ba kuwa garin da zai yarda a haƙe masa titi sau uku don kamfanoni uku su yi gasa. Saboda haka sana'ar da kanta takan kai ga babakere, ko an so ko an ƙi.

A kan hatsi maganar ta fara tasowa, tun kafin a san lantarki. Bayan yaƙin basasar Amurka manoman yammacin ƙasar sukan aika alkama da masara ta jirgin ƙasa zuwa Shikago, a can kuwa tilas hatsin ya sauka a manyan rumbuna kafin a wuce da shi gabas. Rumbunan goma sha huɗu ne, kamfanoni tara ke juya su, kuma sukan haɗa baki su sa kuɗin ajiya iri ɗaya. A 1871 majalisar jihar Illinois ta yi doka ta sa iyakar abin da za a karɓa. Wani kamfani mai suna Munn da Scott ya ƙi bin dokar, aka ci shi tara, magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1877 babban alƙali Morrison Waite ya yanke cewa duk wanda ya sa dukiyarsa cikin sana'ar da jama'a ba su da makawa sai da ita, to ya ba jama'a haƙƙi a cikinta, hukuma kuwa tana da ikon sa masa iyaka. Ya ƙara da cewa wanda ya ga majalisa ta ƙware shi ya nufi akwatin zaɓe, kada ya nufo kotu. Wannan kashi na biyu na hukuncin bai yi tsawon rai ba, kamar yadda za mu gani.

A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar wutarsa a titin Pearl na birnin Niyu Yok. A shekarun farko majalisun birane ne ke ba kamfani takardar izinin kafa turaku da ja waya, ba a daɗe ba kuwa 'yan majalisa suka gane cewa takardar nan haja ce. A Shikago, a 1897, waɗansu daga cikinsu suka ƙirƙiri kamfani a takarda, suka ba shi izinin shekara hamsin, da nufin su tilasta wa shugaban kamfanin Edison na birnin ya saya daga hannunsu da tsada. Shugaban nan shi ne Samuel Insull, haifaffen Landan, wanda ya taɓa zama sakataren Edison. Ashe ya riga su, ya ƙulla yarjejeniya da masu ƙera injuna cewa shi kaɗai za su sayar wa a Shikago, sai kamfanin takarda ya rasa inda zai sayi ko janareto guda, aka sayar masa da shi da araha. Amma ya ɗauki darasi. A 1898, a taron ƙungiyar kamfanonin lantarki wadda yake shugabanta, ya ba 'yan'uwansa shawara su nemi gwamnatocin jihohi su riƙa ƙayyade musu farashi, su kuma a bar wa kowane yankinsa ba abokin gasa. Mutanen taron ba su yi na'am ba a ranar, amma lissafinsa daidai ne. Sana'ar lantarki tana cin jari mai yawa kafin a sayar da wutar fitila guda, mai ba da rance kuwa ya fi sakin jiki da kamfanin da hukuma ta lamunce wa riba. Ina so ɗalibai su riƙe wannan, domin galibi akan ɗauka ƙaƙaba wa kamfanoni hukumomin nan aka yi, alhali kuwa manya daga cikinsu da bakinsu suka nema.

Ta ɗaya ɓangaren kuma jama'a sun ƙosa. A 1905 wani lauya, Charles Evans Hughes, ya jagoranci binciken farashin gas a Niyu Yok, ya tono yadda kamfanin Consolidated ya kumbura ƙimar dukiyarsa. A 1906 aka yi doka aka mai da farashin ma'aunin ƙafa dubu na gas santi 80, shi kuma Hughes ya ci zaɓen gwamna. A 1907 jihar Niyu Yok da jihar Wisconsin suka ba hukumomi na musamman cikakken ikon duba littattafan kamfanonin wuta da gas da yanke musu farashi. Kafin yaƙin duniya na farko yawancin jihohi sun bi sawu.

To, da wane ma'auni hukuma za ta yanke? A baki lissafin mai sauƙi ne, kowane ɗan kasuwa ya san shi. Ana tara abin da kamfani ke kashewa a shekara wajen mai da gawayi da albashi da gyara, a ƙara haraji, a ƙara wani abu na tsufan injuna, sa'an nan a ɗora riba a kan uwar kuɗi, watau jarin da aka zuba a tashoshi da wayoyi da bututu. Jimlar ita ce abin da za a bar kamfani ya tara daga masu saye. Mai da albashi suna da rasiɗi, ba a cika jayayya mai tsawo a kansu ba. Rigimar tana wajen uwar kuɗi. Alal misali, a ce hukuma ta yarda da ribar kashi 8 cikin ɗari. In an ƙiyasta uwar kuɗi dala miliyan 500, riba miliyan 40 ke nan. In an ce miliyan 800 ce, riba ta zama miliyan 64. Miliyan 24 ke nan za su riƙa fita daga aljihun jama'a kowace shekara, ba tare da ƙwan fitila ko ɗaya ya ƙara haske ba.

A nan ne kotu ta dawo cikin maganar da ta ce a kai akwatin zaɓe. A 1893 jihar Nebraska ta rage kuɗin dakon jirgin ƙasa, masu hannun jari suka kai ƙara, a 1898 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ake kira Smyth da Ames. Alƙali John Marshall Harlan ya ce farashin da bai bar wa kamfani riba daidai wa daida a kan ƙimar dukiyarsa ba ƙwace ne, tsarin mulki kuwa ya hana ƙwace. Amma da ya zo faɗin yadda za a gane ƙimar sai ya jero abubuwa: a duba abin da aka kashe tun asali, da abin da aka kashe wajen ingantawa, da darajar hannun jari a kasuwa, da abin da za a kashe in da yau za a sake ginawa, da abin da dukiyar ke iya samarwa. Bai faɗi wanda ya fi nauyi a cikinsu ba. Har ila yau akwai ruɗu a cikin jerin, domin darajar kamfani a kasuwa ta dogara ga ribar da yake samu, ribar kuwa ta dogara ga farashin da ake neman yankewa. Lissafin ya koma inda ya fito ke nan.

Akwai wani abin ban dariya a wannan shari'a wanda ya kamata mu tsaya a kansa. Ɗaya daga cikin lauyoyin Nebraska shi ne William Jennings Bryan, gwarzon manoma, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 1896. Shi ne ya dage a auna da kuɗin sake gini. Dalilinsa a fili yake: an shimfiɗa layukan dogo lokacin da kaya ke tsada, kamfanoni kuma sun yi wa hannun jarinsu algus kamar mai tsarma nono da ruwa, sa'an nan farashin kaya ya yi ta faɗuwa shekara da shekaru, don haka kuɗin sake gini ya fi ƙanƙanta. Kamfanoni kuwa suka ce a'a, a bi abin da ke littafi. Da yaƙin duniya na farko ya zo farashin ƙarfe da tagulla da ƙwadago ya yi tashin gwauron zabo, sai kowa ya ɗauki makamin abokin gabarsa. Kamfanoni suka koma masu ra'ayin kuɗin sake gini, masu kare jama'a suka koma masu ra'ayin littafi. Ba wanda ya canja aƙida a cikinsu, farashin ƙarfe ne ya juya.

Abin da ya biyo baya ɓarnar lokaci ce da dukiya. Kowace ƙara sai kamfani ya ɗauko injiniyoyi su ƙidaya turaku da taransifoma, su ƙiyasta kuɗin gina tashar da ba wanda zai sake gina irinta, hukuma ita ma ta ɗauko nata su kawo wani adadi dabam. Wani kamfanin gas a birnin Des Moines har ya nemi a lissafa masa kuɗin fasa daɓen titi da mai da shi, alhali lokacin da ya binne bututunsa ba a daɓe titin ba. Kotun Ƙoli ta ƙi wannan a 1915, amma roƙon ya nuna inda ma'aunin ke kaiwa. Shari'ar kamfanin tarho na Illinois ta faro a 1923, ba ta ƙare ba sai 1934. A 1923 ɗin nan ne alƙali Louis Brandeis, tare da goyon bayan Oliver Wendell Holmes, ya rubuta ra'ayinsa cewa a daina neman ƙimar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, a ɗauki kuɗin da masu jari suka zuba bisa hankali da tattali, domin shi a rubuce yake, ana iya bin sawunsa. Sauran alƙalai ba su bi shi ba a lokacin.

Ana cikin wannan sai wata ɓaraka ta buɗe. Hukumomin na jihohi ne, kamfanonin kuwa sun tsallake iyakar jiha. A 1927 Kotun Ƙoli ta ce hukumar Rhode Island ba ta da ikon taɓa farashin wutar da ake sayar wa wani kamfani a garin Attleboro na jihar Massachusetts, ita ma Massachusetts ba ta da shi, watau ba mai shi ke nan. Sa'an nan ga kamfanonin riƙo, waɗanda ba sa samar da wuta, sana'arsu riƙe hannun jarin waɗansu kamfanoni, hawa bisa hawa. Na sama yakan sayar wa na ƙasa shawara ko kayan aiki da tsada, na ƙasa ya rubuta a littafi ya kai wa hukuma a matsayin kuɗin da ya kashe. A 1932 irin waɗannan kamfanoni takwas ne ke riƙe da kusan kashi uku cikin huɗu na lantarkin 'yan kasuwa a ƙasar. A shekarar ce daular Insull ta rushe, dubban ɗaruruwan masu ƙaramin jari suka yi hasara. Ya gudu Girka, aka kamo shi a Turkiyya a 1934, kotu ta wanke shi, ya mutu a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Faris a 1938. Majalisar tarayya ta yi dokar rusa dogayen kamfanonin riƙo a 1935, ta ba Hukumar Wuta ta Tarayya iko a kan cinikin lantarki tsakanin jihohi, a 1938 ta ƙara mata da na gas.

Wannan sabon iko ne ya kai ga shari'ar da ta kashe rigimar ƙima. Kamfanin gas na Hope a jihar West Virginia, reshen Standard Oil, yana sayar da gas ga kamfanonin da ke raba shi a Ohio. A 1938 biranen Cleveland da Akron suka kai kuka. Kamfanin ya ce sake gina dukiyarsa zai ci dala miliyan 97, bayan an cire tsufa a ɗauki miliyan 66, a ba shi ribar kashi 8. Hukuma ta bi littafi ta tsaya a kan miliyan 33.7 da ribar kashi 6.5, ta umarce shi ya rage miliyan 3.6 a shekara. A 1944 alƙali William Douglas ya rubuta hukuncin Kotun Ƙoli, ya ce doka ba ta ɗaure hukuma da wata hanyar lissafi ba, abin dubawa shi ne sakamako. In farashin ya bar kamfani ya biya bashinsa, ya ba masu jari abin da za su samu a sana'a mai irin wannan haɗari, ya kuma iya jawo sabon jari, to ba ruwan kotu da yadda aka kai gare shi. Daga nan yawancin hukumomi suka koma ma'aunin Brandeis. A ganina hukuncin ya yi daidai, sai dai ya ɗora nauyin duka a wuyan 'yan mutane uku ko biyar ko bakwai da ke zaune a hukuma.

Tsarin da ya zauna bayan 1944 shi ake bi har yanzu. Kamfani ne ke shigar da buƙatar ƙarin farashi, tare da littattafansa na shekara guda wadda ake ɗauka a matsayin ma'auni, kuma a kansa nauyin kawo hujja yake. Hukuma takan dakatar da sabon farashin na wani wa'adi. A dokar tarayya wata biyar ne, a Niyu Yok shari'ar kan ɗauki kimanin wata goma sha ɗaya. A cikin wa'adin akantoci da injiniyoyin hukuma suna bin takardu, manyan masana'antu da ofishin kare masu saye da ƙungiyoyi suna shiga a matsayin masu ruwa da tsaki, a aika wa kamfani tambayoyi a rubuce, shaidu su yi rantsuwa lauyoyi su titsiye su gaban alƙalin hukuma. Tambaya biyu ake yi wa kowace kadara kafin ta shiga uwar kuɗi: an kashe kuɗinta bisa hankali? Ana amfani da ita wajen yi wa jama'a aiki? Sa'an nan a yi gardama kan ribar masu hannun jari, wadda daga 2015 zuwa 2024 galibi ta tsaya tsakanin kashi 9 da 10. Bayan an san jimla sai rabo, watau nawa gidaje za su ɗauka, nawa kantuna, nawa masana'antu. Nan ne mai lauya yakan sauke kayansa a kan marar lauya. Ƙararraki da yawa da sulhu suke ƙarewa, hukuma ta sa hannu, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara.

Daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa tsakiyar shekarun 1960 tsarin bai sha wuya ba, domin kowace sabuwar tasha ta fi ta bayanta girma da araha, farashi yana sauka, ba mai kuka. Masana ne kawai suka yi tsokaci. A 1962 Harvey Averch da Leland Johnson suka nuna cewa muddin a kan uwar kuɗi ake biyan riba, to kamfani zai fi son gini a kan tattali, tun da kowace sabuwar tasha tana ƙara masa abin da za a ɗora wa riba.

Shekarun 1970 suka gwada maganarsu. Man fetur ya yi tsada daga 1973, kuɗin ruwa ya hau, a watan Afrilu 1974 kamfanin Consolidated Edison na Niyu Yok ya kasa raba riba, abin da bai faru ba tun 1885. Kamfanoni sun riga sun tsunduma cikin gina tashoshin nukiliya bisa zaton buƙatar wuta za ta ci gaba da ninkawa duk shekara goma, sai ba ta ninka ba, haɗarin tashar Three Mile Island na 1979 kuma ya ƙara tsananta dokoki da tsada. Tashar Shoreham kusa da Niyu Yok, wadda aka ƙiyasta ba za ta kai dala miliyan 100 ba, ta ci kimanin biliyan 6, aka rufe ta a 1989 ba ta taɓa sayar wa kowa wuta ba. Wa zai biya? A nan tambayoyin nan biyu suka rabu, domin ana iya fara gini bisa hankali ya ƙare ba amfani. Hukumar Niyu Yok ta ƙi yarda da kimanin dala biliyan 1.4 na kuɗin Shoreham a 1985 saboda sakaci, amma mafi yawan sauran a kan masu saye ya faɗa. Jihar New Hampshire ta hana a caji jama'a kuɗin tashar da ba a gama ba, babban kamfaninta ya karye a 1988 saboda tashar Seabrook. A Pennsylvania kamfanin Duquesne ya nemi a mayar masa da kusan dala miliyan 35 da ya kashe kan tashoshin da aka fasa ginawa, dokar jiha ta hana, a 1989 Kotun Ƙoli ta tsaya kan hukuncin Hope ta ce wannan ba ƙwace ba ne. Jiha uku, amsa uku, duka kuwa halal ne a idon kotu.

Tun da haka ne, wanda ke zaune a kujerar hukuma ya zama abin nema. A yawancin jihohi gwamna ke naɗa su, a waɗansu kamar Jojiya da Arizona zaɓensu ake yi. A 2021 kamfanin FirstEnergy na Ohio ya amsa a gaban masu gabatar da ƙara na tarayya cewa ya biya dala miliyan 4.3 ga mutumin da jim kaɗan bayan haka ya zama shugaban hukumar jihar, ya kuma zuba kimanin miliyan 60 don a yi dokar da za ta tallafi tashoshin nukiliya da kuɗin masu saye. Kamfanin ya biya tarar miliyan 230, tsohon kakakin majalisar jihar, Larry Householder, ya sami ɗaurin shekara 20 a 2023.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin lissafin nan ya iso Nijeriya. Dokar 2005 ta kafa hukumar NERC, a 2008 ta fito da tsarin farashi na shekaru da dama wanda aka gina kan abubuwan da muka ambata, watau kuɗin gudanarwa da tsufan kaya da riba a kan jari. A 2013 aka miƙa kamfanonin raba wuta ga 'yan kasuwa, har da na Kano da Jos. A watan Afrilu 2024 hukumar ta ɗaga farashin rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomi. A watan Yuli 2025 hukumar jihar Inugu ta sauke farashin rukunin A daga naira 209 zuwa 160, sai hukumar tarayya ta fito ta ce jiha ba ta da ikon rage kuɗin wutar da aka samar a wani wuri aka kawo mata ta babban layin ƙasa, sai fa in za ta cike giɓin daga baitulmalinta. Ita ce maganar da aka kai gaban Kotun Ƙolin Amurka a kan garin Attleboro a 1927.